Bututun najasa a garin bakin teku: me ke kashe shi, kuma me ya sa canza shi ke cin shekaru?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Fort Lauderdale da ke jihar Florida a Amurka, ina aiki a wani gidan abinci kusa da bakin ruwa. Tun da na zo garin nan ban ga shekarar da ba a tone wani titi ba, wai ana canza bututun najasa. Waɗanda suka riga ni zuwa suna ba ni labarin lokacin da bututu ya yi ta fashewa har ƙazanta ta cika rafukan gari. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, gari mai kuɗi irin wannan me ya hana shi tonewa ya canza duka a lokaci guda kowa ya huta? Me ya sa sai an ga fashewa ake tashi tsaye? Kuma babu yadda za a yi aikin ba tare da an tare wa mutane ƙofar shago ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambaya uku ka ɗaure wuri guda: abin da ke lalata bututun, dalilin da ya sa ba a canza shi gaba ɗaya, da kuma ko akwai hanyar da ba sai an tona ba. Duka ukun suna komawa ga abu ɗaya da mutanen gari ba su cika tunawa da shi ba, wato najasa ba ta tsayawa. Ana iya rufe titi wata shida, ana iya ɗauke ruwan famfo na kwana ɗaya a ba mutane haƙuri, amma ba wanda ya isa ya hana otal mai ɗaki 300 amfani da bayan gida ko da na rabin yini ne. Duk wahalar aikinmu daga nan ta samo asali.

Labarin da aka ba ka gaskiya ne. A ranar 10 ga Disamba 2019 babban bututu mai faɗin inci 54 ya fashe a unguwar Rio Vista. Ana liƙe nan, can ya ɓalle. Daga Disamba zuwa Fabrairun 2020 najasar da ta kwarara cikin tituna da rafukan garin ta kai galan miliyan 211, wato kimanin lita miliyan 800. Kifaye suka mutu a kogin Tarpon da tafkin George English, aka hana wanka da kamun kifi a wurare da dama, ga shi kuma lokacin ne baƙi suka fi cika garin. Jihar Florida ta ci birnin tarar kusan dala miliyan 2. Bututun ya kusa shekara 50 a ƙasa, kuma abin bai zo wa hukuma ba zato ba tsammani, don tun 2017 birnin ya sa hannu a yarjejeniya da hukumar kare muhalli ta jihar cewa zai gyara magudanansa.

Bututu iri biyu, mutuwa iri biyu

A gari mai tudu da kwari najasa da ƙafarta take tafiya: a shimfiɗa bututu da ɗan gangare, ruwa ya bi. Bututu mai inci 8, irin wanda ke bin yawancin layukan unguwa, yana buƙatar gangaren kusan mita 4 a kowace kilomita kafin ruwan ya yi gudun da zai kwashe datti. Garinku kuwa shimfiɗaɗɗe ne, 'yan ƙafafu kaɗan ya ɗara teku, ga rafuka da aka yanka masu tsawon mil 165 sun ratsa shi ta ko'ina. Ba ka yin nisa da haƙa ruwa zai tarbe ka. Don haka ake tara najasar kowace unguwa a rijiya, injin famfo ya tura ta da ƙarfi cikin wani bututun dabam da muke kira bututun matsi, wannan ya haɗe da wancan har su zube a babban layin da ke kai wa matatar George T. Lohmeyer kusa da tashar jiragen ruwa ta Port Everglades. Matatar ba ta birnin kaɗai ba ce, har najasar maƙwabta irin su Wilton Manors da Oakland Park can take zuwa.

Bututun gangare in ya tsage, ciki yake sha. Ruwan ƙasa ya riƙa shiga yana jan yashi, yashin ya tafi, kogo ya buɗe a ƙarƙashin kwalta, wata rana a wayi gari titi ya lotsa. Bututun matsi kuwa waje yake fesowa, kuma da yake shi ke ɗauke da kayan unguwanni da yawa, kashe injinan na nufin najasa ta koma ta ɓullo a banɗakunan mutane. Abin da ya rage wa injiniya a irin wannan dare shi ne ya zaɓi inda ƙazantar za ta zuba, cikin gidaje ko cikin rafi. Irin zaɓin da hukumomin Honolulu da ke jihar Hawaii suka fuskanta ke nan a Maris 2006, lokacin da bututu mai inci 42 ya fashe a Waikiki bayan makonni ana ruwan sama: galan miliyan 48 aka karkatar cikin mashigin Ala Wai, aka rufe gaɓar da duniya ke tururuwar zuwa wanka.

Abin da ke cin sa ta ciki da waje

Mutane suna ɗauka tsufa ne kawai. Na ga bututun yumɓu da ya haura shekara 80 cikinsa sumul, na kuma ga na kankare da bai kai 25 ba rufinsa ya zube. Abin da ke gudana a ciki da irin ƙasar da ke kewaye su ne ke yanke masa kwana.

Ta ciki, babban maƙiyi wata iska ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ma'aikata suna ce mata H2S. Idan najasa ta daɗe a bututu iskar oksijin ta ƙare, wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a cikin yauƙin da ya manne jikin bututu sukan juya sinadarin salfet zuwa wannan iska. Ita kuma ta taso ta taru a sama, inda ruwa bai kai ba amma akwai laima. Nan wasu ƙwayoyin dabam suke mayar da ita asid, irin asid ɗin da ke cikin batirin mota. Shi ya sa bututun kankare daga rufi yake fara mutuwa. In muka tura kyamara, ƙasan da ruwa ke bi lafiya lau, amma da an ɗaga ido sama sai a ga simintin ya koma fari fat ya yi laushi, tsakuwa ta fito, rodi ya yi ja da tsatsa yana rataye. Na taɓa tsayawa a wani ramin dubawa inda bututun matsi ke zubewa, na kai bakin shebur jikin bango, kankaren ya biyo shi ba tare da na sa ƙarfi ba. A bututun matsi na ƙarfe kuwa, iskar takan maƙale a wuraren da layin ya yi tudu. Akwai bawul da aka sa musamman don fitar da ita, amma maiƙo yana toshe shi, in ba a zagayawa ana wankewa sai asid ya zauna wuri guda yana cin ƙarfe shekara da shekaru, ba mai gani.

Wannan iska tana kashe mutum, kuma muguntarta ita ce in ta yi yawa hanci ya daina jin warinta. Ta fi iskar shaƙa nauyi, ƙasan rami take kwanciya. Kada ka taɓa leƙa ramin da aka buɗe a titinku don ganin abin da ake yi.

Garin bakin teku ya haɗa duk abin da wannan ciwo ke so. Ruwan teku cike yake da salfet, kusan giram 2.7 a kowace lita, ninkin abin da ke cikin najasar gida sau da yawa, to duk tsagar da ruwan gishiri ya samu ya shiga abinci ya kai wa ƙwayoyin. Zafi yana ƙara musu kuzari, Florida kuwa ba ta rasa zafi. Sannan ga wani abu da ya keɓanta da garin 'yan yawon buɗe ido: ana auna girman bututu ne da ranar da gari ya fi cika. In baƙi suka watse, ƙaton bututu ya rage da ɗan ruwa, injin ya daɗe bai tashi ba, najasa ta kwana a ciki tana ruɓewa. Lokacin da kasuwa ta mutu shi ne lokacin da bututu ya fi shan wahala ta ciki, lokacin da kasuwa ta buɗe kuma a ɗora masa matsin da raunanan wuraren ba za su iya ɗauka ba.

Ta waje, ruwan ƙasa mai gishiri yana hawa yana sauka tare da teku sau biyu a rana. Ƙarfen da ke jiƙa yana bushewa cikin gishiri ya fi wanda ke nutse koyaushe saurin tsatsa, kuma hawa da saukar na motsa yashin da bututun ke kwance a kai har mahaɗai su saki.

Akwai gwaji mai sauƙi da nake fara yi a duk garin bakin teku da aka kira ni. Nakan karɓi littafin awannin da injinan kowace rijiya suka yi aiki, in ajiye shi gefen jadawalin cikar teku da janyewarsa. Da ƙarfe uku na dare gari na barci, bai kamata injin ya riƙa tashi akai-akai ba. In ka ga yana tashi, kuma tashin nasa na bin sa'ar da teku ya cika, to ba najasa yake turawa ba, teku yake turawa. Sai mu tsoma na'urar auna gishiri a rijiyar mu tabbatar, mu bi layin rami bayan rami har mu kai inda gishirin ya fi yawa. A kyamara za ka ga ruwa garai-garai yana tsartuwa ta mahaɗin bututu. Kowace lita daga cikinsa sai an biya wutar tura ta, an biya kuɗin tace ta, ta kuma cinye wurin da najasar gaske za ta bi. Ranar da aka yi ruwa irin na 12 ga Afrilu 2023, da inci 25 ya sauka a Fort Lauderdale cikin yini guda, layin da ya riga ya cika da ruwan teku ba shi da sauran wuri.

Ku ma masu gidajen abinci kuna da hannu, ba zan ɓoye maka ba. Man suya da aka tuttular a wurin wanke-wanke yakan daskare, ya haɗu da tsumman goge jiki da baƙi ke jefawa a masai, su zama dunƙule mai tauri. Yashin da masu wanka ke kwasowa daga gaɓa shi kuma yana cinye fankar injin.

Me ya hana a canza duka lokaci guda

Layukan gari irin naku ɗaruruwan mil ne, kuma ba duka ne suka mutu ba. Tone bututun da ke da sauran shekara 30 ɓarnar kuɗi ce. Aikin farko shi ne tantancewa: a wanke layi da ruwa mai ƙarfi, a tura kyamara mai taya, a ba kowane yanki maki daga 1 zuwa 5 gwargwadon lalacewarsa. Sannan a tambayi abu na biyu, wanda a wurina ya fi na farko nauyi: in wannan ya fashe, me zai faru? Ƙaramin layi mai maki 5 da ke hidimar gida goma a lungu zai iya jira. Babban layi mai maki 3 da ya ratsa ƙarƙashin kogi, ba shi da mataimaki, shi ne zai hana ni barci.

Nan ne amsar tambayarka ta me ya sa sai an ga fashewa ake tashi tsaye take. Bututun gangare yana da sauƙin dubawa, ka ɗaga murfi ka saka kyamara. Bututun matsi a cike yake, a rufe, yana aiki dare da rana. Kafin ka ga cikinsa sai ka kashe shi, kuma ba ka iya kashe shi sai kana da wani. Akwai na'urori da ake sakawa su bi ruwa suna sauraron yoyo da iskar da ta maƙale, ana kuma tona wasu wurare a auna kaurin ƙarfe, amma suna da tsada kuma ba kowane rauni suke kamawa ba. Sakamakon haka bututun da ya fi kowanne haɗari shi ne wanda aka fi jahiltar halinsa. Ga kuma halin 'yan siyasa a ko'ina: abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba a yanka masa ƙyalle a ɗauki hoto.

Duk yankin da za a yi aiki a kai sai an fara yi wa najasa hanyar wucin gadi. Su ne baƙaƙen bututan da kake gani kwance a gefen titi da injina suna ruri cikin dare. Kowane injin sai da na ko-ta-kwana a gefensa, da mai gadi, da man dizal. A wasu ayyukan da na yi, wannan kewayen kaɗai ya ci kaso mai tsoka na kuɗin kwangila tun ba a saka sabon bututu ko ɗaya ba. Ba gari da zai iya yi wa dukan layukansa haka a lokaci guda.

Sai kalanda. Baƙinku suna cika gari daga Disamba zuwa Afrilu, ga babban baje kolin jiragen ruwa a ƙarshen Oktoba, masu otal ba za su yarda a taɓa titi a lokacin ba. Watannin da suka rage su ne na ruwan sama da guguwa, wadda lokacinta a hukumance ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma tsakanin Satumba da Nuwamba teku ke yin tumbatsa mafi girma har ruwa ya fito ta magudanan titi ba tare da an yi ruwan sama ba. Wato lokacin da 'yan kasuwa suka yarda a yi aiki shi ne lokacin da ƙasa ta fi ƙin yarda. A Ingila watannin ne suka sha bamban, matsalar ɗaya ce: baƙi na zuwa Yuli da Agusta, aiki ya koma lokacin sanyi da ƙasa ke jiƙe. Garin Exmouth da ke Devon ya ɗanɗana abin da ake gudu a Agustan 2024, bututu ya fashe ana tsakiyar hutu, aka gargaɗi mutane kada su shiga ruwa, tankoki suka yi ta jigilar najasa ta cikin gari.

Hanyoyin aikin

Tonewa a fili ita ce tsohuwar hanya, kuma har yau akwai inda babu makawa sai ita: in bututu ya rushe gaba ɗaya, ko ya lotsa ya yi ciki ruwa na kwanciya, ko ana son gyara gangarensa. A yashi mai ruwa aiki ne mai cin rai. Sai an kafa ƙananan bututai a jere gefen ramin ana zuƙe ruwan ƙasa dare da rana, an kafa bangon ƙarfe don kada yashi ya rufta kan leburori. In aka zuƙe ruwa fiye da kima ƙasa takan zauna, bangon ginin maƙwabta ya tsage, shi ya sa ɗan kwangila mai hankali yake ɗaukar hoton kowane gini kafin ya fara. Ruwan da aka zuƙo ma ba a zubar da shi haka nan sai an bar laka ta kwanta. Kuma bututun roba da ba a cika ba, in injin zuƙe ruwa ya mutu cikin dare kafin a binne shi, da safe za ka tarar ya taso yana iyo a ramin.

Hanyar da ta fi yawa a layukan unguwa ita ce yi wa tsohon bututu sabuwar riga ta ciki. Wani Bature mai suna Eric Wood ne ya fara ta a Landan a 1971. Ana jiƙa doguwar jakar ƙyalle da wani irin gam, a cusa ta daga ramin dubawa da ƙarfin ruwa ko iska, tana shiga tana juyewa kamar yadda ake juya safa, ɓangaren gam ɗin ya manne da bango. Sai a gasa ta da ruwan zafi ko tururi ko fitila mai haske na musamman har ta ƙame ta zama bututu mai tauri, babu mahaɗi ko ɗaya daga rami zuwa rami. Daga nan a tura ƙaramin inji mai kyamara ya huda bakin reshen kowane gida. Yanki guda yakan ƙare cikin yini, ana kuma lissafa masa shekara 50. Asid ba ya cin sa yadda yake cin kankare. Iyakarsa ita ce yana bin siffar tsohon ne: in tsohon ya lotsa, sabon ma a lotse zai fito. Kuma in ruwa na tsartuwa da ƙarfi ba a fara toshe shi ba, yana wanke gam ɗin kafin ya ƙame, a sami wuri mai laushi da ba za a gane ba sai bayan shekaru. Yawancin aikin banza da na gani a wannan fanni daga gaggawar tsallake wannan matakin ya fito.

In ana son ƙara girma, akwai fasa tsohon daga ciki: a ja wani kan ƙarfe mai tsini ta cikinsa yana farfasa shi yana tura ɓaraguzan gefe, yana jan sabon bututu a bayansa. A Birtaniya aka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1970 don bututan gas. Tana da kyau, sai dai in akwai layin ruwan sha ko na gas kusa, turin ƙasar na iya taɓa su.

Ta ƙarshe ita ce wadda ta ceci garinku: huda ƙasa daga nesa. Injin yana tsayawa wuri guda ya tura sanda mai kai da ake sarrafawa, ta nutse ta bi ƙarƙashin tituna da rafuka ta ɓullo can gaba, a faɗaɗa ramin sannu a hankali, sannan a jawo bututun roba mai kauri da ake kira HDPE. Shi wannan ba a haɗa shi da ƙulli ko roba. Ana aske bakin guda biyu su yi daidai, a manna su jikin faranti mai zafin da ya haura digiri 200, in sun narke a zare farantin a matse su har su huce, su zama abu ɗaya. Gishiri ba ya cin sa, asid ba ya cin sa. Amma kafin a ja shi sai an haɗa dogon zango an shimfiɗa a titi, kuma da an fara ja ba a so a tsaya, don ramin na iya kama shi. In ka ga an rufe layi ana aiki har asuba, yawanci abin da ake yi ke nan. To ka ga "ba tona" ba ya nufin ba takura, yana nufin ramuka kaɗan a maimakon tsage titi daga farko har ƙarshe.

Abin da Fort Lauderdale ta yi bayan waccan fashewar shi ne abin da zan ba kowane gari shawara, sai dai a yi shi tun kafin a ji wari. Ba su tsaya lallaɓa tsohon layin ba. Sun shimfiɗa sabo gaba ɗaya ta wata hanya dabam, kimanin mil 7, a kan dala miliyan 65, aka raba aikin wa 'yan kwangila biyu, ɗaya ta arewa ɗaya ta kudu, mafi yawansa ta hanyar huda ƙasa, aka gama a 2021. Da najasa ta koma sabon, sai tsohon ya samu hutun da za a iya shiga a gyara shi ya zama na ko-ta-kwana. Da layi biyu, fashewa ta zama aikin juya bawul. Da layi ɗaya kuwa ta zama labarin duniya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma aikin gaggawa kullum ya fi tsada, don ɗan kwangila ya san ba ka da zaɓi.

Zancen kuɗi

Ka ce gari mai kuɗi ne, haka ne. Amma kuɗin magudana daga takardar ruwa da najasa da ake biya duk wata yake fitowa, kuma shekaru da dama birnin yana ɗibar kimanin dala miliyan 20 a shekara daga wannan asusu yana kai wa sauran hidimomin gari. Doka ba ta hana ba, amma kuɗin da ya kamata ya koma ƙasa ne. Daga baya aka daina, kuma a 2018 aka ci bashin dala miliyan 200 don gyaran ruwa da magudana. Lissafin ba shi da wuya: in bututu na rayuwa shekara 50 zuwa 100, dole gari ya sabunta kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na layukansa kowace shekara, har abada. Saboda haka tonon da kake gani duk shekara ba alamar gazawa ba ce a karan kansa. Garin da ya shekara 20 ba a tone titinsa ba shi ya fi ba ni tsoro.

Akwai kuma rigimar wa zai biya. Mazaunin gari yana ganin an gina bututu mai girma ne saboda otal-otal da dogayen benaye, amma shi ake ƙara wa kuɗin wata. Ra'ayina shi ne duk sabon gini ya biya kuɗin wurin da zai ci a layi tun kafin a ba shi izini, kuma kada a ba da izinin in layin da zai zuba bai da sarari. Garin da ke cin abinci da tsabtar ruwansa ya fi kowa asara in aka yi sake. Tsibirin Boracay na Filifins wata shida cur aka rufe shi ga baƙi a 2018 saboda najasa, Durban ta Afirka ta Kudu kuma ta sha rufe gaɓoɓinta bayan ambaliyar Afrilun 2022 ta lalata mata magudana da injina.

Ni ayyukana a wasu garuruwan bakin teku na yi su, akasari a layukan da ba su kai girman naku na inci 54 ba, kuma hukunci a kan titin da shagonku yake sai wanda ya ga hoton kyamararsa da sakamakon gwajin ƙasarsa. Ko sabon bututu ma ba ya maganin komai: teku na ƙara hawa, ruwan ƙasa na bin sa, don haka aikin da ba a haɗa shi da liƙe ramukan dubawa, da ɗaga akwatunan wutar injina sama da inda ambaliya ke kaiwa, da ajiye janareto ba, rabin aiki ne.

Game da shagonku, in takardar sanarwa ta zo ku nemi sanin wace hanya za a bi, kwana nawa, ta ina bututun wucin gadi zai ratsa, da lambar wanda za a kira cikin dare. Ku nemi a rubuta cewa za a bar hanyar shiga da wurin sauke kaya. In rigar ciki za a saka, za a ce ku rage amfani da ruwa na wasu awanni, ku bi, don reshenku a toshe yake har sai an huda shi, abin da kuka zuba kanku zai dawo. Za ku iya jin wari mai kama da na roba ko fenti daga gam ɗin. Ku zuba ruwa a duk magudanar da ke daɓen kicin da banɗaki, don ruwan da ke kwance a lanƙwasar bututu shi ke tare warin, in ya yi ƙarfi kuma ku buɗe tagogi ku kira su. Ku riƙa kwashe tarkon maiƙo, wato akwatin da ke tare mai kafin ya shiga bututu, a kan lokaci. Sannan ka faɗa wa mai ginin ya sa a duba reshen da ya tashi daga gininku zuwa titi tun ma'aikatan suna kusa, don wannan yankin yawanci a wuyan mai gida yake, kuma sau da yawa bayan an gyara babban layi ta nan ruwan gishirin ke komawa yana shiga.